Kwamfutar da Na Yi Waƙafi da Ita

Da sunan Allah nake farawa. Auta, ina gaishe ki gaisuwar uwa, da fatan motarku ta isa Tamale lafiya, kin sauka ba ciwon kai ba ciwon baya, kin tarar da masu masaukinki cikin alheri. Allah ya tsare min ke a hanya da bayan hanya, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da abokan ɓata lokaci.

In kina karanta takardar nan, to kin zazzage babbar jakarki kin ga abin da na naɗe cikin zanen gado a ƙarƙashin ledar gari. Eh, kwamfutarki ce ta cinya, wadda kika ɓoye a bayan kantar shago kina ganin kamar ban lura ba. Haba Zuwaira, ni za ki yi wa ɓoyo a shagon da nake shara da hannuna? Na san dalilinki sarai. Tun ranar da masu binciken nan suka sanar cewa daga ƙarshen wata ba za su ƙara aiko wa tsofaffin injuna irin namu aiki ba, na ga fuskarki ta canza. Kin ƙudurta ki bar min taki ta ci gaba da lissafi da sunan babanku, ke kuma ki tafi karatun awon filaye da zanen taswira hannu rabbana, kina aron ta ƙawaye. Ban yarda ba. Da baki ba zan iya kayar da ke ba, don taurin kai a wurina kika gada, shi ya sa na zauna bayan la'asar na ɗauki biro.

Bari in faro daga lokacin da ba ki da wayo. Shagonmu na Maamobi a da gidan intanet ne, samari har layi suke yi a bakin kwata suna jiran kujera. Da wayoyin shafa suka shigo hannun kowa, sai aka watse aka bar mu da kwamfutoci da ƙura. A nan ne babanku ya gano cewa akwai masu bincike a jami'o'in duniya da ke neman sabon maganin zazzaɓin cizon sauro, kuma lissafin da suke buƙata ya fi ƙarfin injunansu. Sai su yayyanka shi ƙanana-ƙanana su rarraba wa duk wanda ya yarda ya ba da aron kwamfutarsa. Taka ta karɓi yanki, ta lissafa, ta mayar, a aiko mata wani. Ba a biyan kowa ko pesewa. Maki kawai ake rubuta maka a gaban sunanka a wani dogon jeri. Babanku ya haɗa baƙar kwamfutar nan da hannunsa saboda wannan aiki, yana cewa sauron unguwar nan ya daɗe yana cizonmu, shi ma ya samu hanyar ramawa. Ni a lokacin dariya nake masa, ina ce masa likitan bayan kanta.

Da Allah ya karɓi abinsa, na rasa abin da zan yi masa. Wasu sukan haƙa rijiya, wasu su saya wa masallaci butoci da tabarmi. Ni ranar addu'ar arba'in, a gaban malamai da dangi, na miƙe na ce na yi waƙafi da baƙar kwamfutar nan, za ta riƙa wannan lissafi ladan na isa gare shi har abin da Allah ya yi. Na bar sunansa a jerin. Wasu tsofaffi suka dubi juna, amma aka shafa fatiha. Daga wannan rana kurakuraina suka fara, kuma zan faɗa miki su ba tare da na yi musu ado ba.

Na farko, na ɗauka yawan kai shi ne yawan aiki. Na hau trotro, motar hayarmu, zuwa Adabraka inda ake sauke kwamfutocin gwanjo, na kwaso guda shida tsofaffi tukuf, na jera su a kan benci ina jin daɗi kamar mai kiwon kaji. Kofi, mai gyaran da babanku ke hulɗa da shi tun kafin a haife ki, ya ce min sabuwa ɗaya matsakaiciya za ta yi abin da shidan nan ba za su yi ba, kuma da wutar da ba ta kai rabin tasu ba. Na yi kunnen uwar shegu da shi. Shagon ya koma kamar gidan burodi, ko mai ɗinki na gefe sai da ya yi ƙorafin zafin bango. Abin da ya fi muni shi ne mitar wutarmu ɗaya da mutanen gidan, kuma ban gaya wa kowa ba. Wuta ta riƙa ƙarewa ba shiri, ana ta zargin mai firijin ruwan leda, baiwar Allah har kuka ta yi a tsakar gida. Ina ji ina gani na yi shiru kwana da kwanaki kafin na fito na faɗi gaskiya. Wallahi har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. Ina neman lada wa mamaci da haƙƙin masu rai. Don haka in wata rana kika tashi shiga wannan aiki, fara tambayar wutar wa za ki ƙona, kuma mai ita ya sani ya yarda. Sannan ki auna inji da abin da yake gamawa a kan wutar da yake sha, kada girman akwatinsa ko arharsa su ruɗe ki.

Na biyu ya zo ne lokacin da masu binciken suka sauya salo. Suka ce yanzu mafi yawan aikin katin hoto ne zai riƙa yi, irin wanda yara ke sa wa kwamfuta don wasanni, domin shi yana iya ɗaukar ƙananan lissafi masu yawa a lokaci guda. Na ga sunayen da ke ƙasa da babanku suna tsallake shi ɗaya bayan ɗaya, raina ya ɓaci. Na sayar da biyar daga cikin tsofaffin, na sayi kati mafi girma da idona ya gani, ban karanta komai ba, ban tambayi kowa ba. Da muka cusa shi a ta shidan, akwatin wutar cikinta ya kasa ɗauka, sai ta riƙa mutuwa da kanta. Muka canza wannan. Sai zafin kwanon rufi ya shigo, katin ya riƙa yin lissafi yana kuskure. Ni ban sani ba, ina ganin fanka na juyawa na ɗauka lada na ta sauka. Ashe kowane yanki ana aika wa wani mutum dabam don a gwada amsa, kuma tawa ba ta dacewa da tasu. Watanni ina mayar musu da shirme, suna sake aika wa wasu su gyara. Jinkiri nake jawo musu ina kiransa taimako. Bayan an shawo kan wannan da ƙarin fanka da rage wa katin gudu, ba a jima ba suka sake manhajarsu, suka ce irin wannan kati ya tsufa. A shafinsu kuwa sun daɗe da rubuta cewa hakan na tafe. Ni ce ban leƙa ba.

Abin da na koya a nan shi ne, buƙatar masu binciken ba ta zama wuri ɗaya, kuma ba laifinsu ba ne. Tambayarsu ce ke girma, dole kayan aikinsu su bi ta. Kafin ki sayi ko da sukuru, shiga dandalinsu ki karanta abin da suke cewa zai zo, ki duba irin injunan da mutane ke amfani da su yanzu suna samun karɓuwa. In sun sanar da sabon abu, ki ɗan dakata ki ga ya zauna tukuna. Ki kashe ƙarfinki a kan abin da ba ya tsufa da wuri, wato akwatin wuta mai kyau, da akwati mai shan iska, da allon da ke da gurbin ƙara ma'adanar aiki nan gaba. Kuma kada ki kalli maki. Akwai shafin da ke nuna ko an karɓi amsarki ko an yar da ita, can za ki riƙa dubawa.

Dumso ma, wato yawan ɗauke wutar nan da ake mana, ta koya min nata darasi. Akwai yankunan lissafi dogaye da ke cin kwana biyu ko uku, wasunsu ba sa ajiye inda suka tsaya. Da an ɗauke wuta sai su koma farko. Na taɓa ganin yanki ɗaya ya kai gab da ƙarshe sau uku, sau uku ana ɗauke wuta, har wa'adinsa ya wuce aka ba wani. Na zauna ina zagin masu wuta, alhali akwai wurin da ake zaɓar gajeren aiki, ban taɓa buɗe shi ba. Wanda ke zaune inda wuta ba ta ƙiftawa ya ɗauki dogo. Mu namu gajere ne, kuma babu abin kunya a ciki.

Yanzu ga wanda ya sa na ɗauki biro. Duk wannan canje-canje da nake yi, baƙar kwamfutar babanku ban bari an taɓa ta ba. A ganina waƙafi ce, na ba Allah ita a gaban shaidu yadda take, cire mata abu ko ƙara mata kamar cin amana ne. Sai masu binciken suka ƙara nauyin yankunan, suka ce sai inji mai ma'adana ninkin tata. Aiki ya daina zuwar mata. Kofi ya ce abu ne mai sauƙi, a buɗe a ƙara mata sandar ma'adana biyu, a sake mata manhajar da take tafiya a kai, shi ke nan. Na yi ƙememe na ce ba mai sa mata sukundireba. Ya kaɗa kai ya ce, da ya san haka Hajiya take da ya roƙi marigayi ya bar wasiyya a rubuce. Ta ci gaba da zama a kunne, fanka na juyawa, ba ta yin komai.

To amma sunan babanku ya tsaya cak a jerin, ni kuma na kasa haƙuri. A lokacin yayanki yana shekararsa ta ƙarshe a makaranta, ya zo hutu da kwamfutarsa ta cinya, duk aikin kammala karatunsa yana ciki. Ke kina ƙarama, abin da kika sani kawai shi ne bai kammala tare da abokansa ba, an ce miki rashin lafiya ce. Ba rashin lafiya ba ce, ni ce. Ya tafi unguwar Madina wurin kawunku na kwana goma ya bar ta a ɗaki. Na ɗauko ta na sa mata manhajar, na buɗe mata ƙarfinta duka, na ajiye ta a kan katifa don kada ƙurar shago ta shige ta. Ban san ta ƙasa take shan iska ba. Kwana takwas tana ci ba hutu. Ranar tara na tarar batirin ya kumbura har ya ɗaga madannai, ta mutu, kuma faifan da ke riƙe da ajiya ya tafi tare da ita. Kofi ya yi iya yinsa, ya kai wa wasu ma, ba a ceto ko shafi ɗaya ba.

Da ya dawo na gaya masa a tsaye a ƙofar shago. Na shirya wa faɗa, na ma shirya amsa, cewa don mahaifinsa na yi. Bai ɗaga murya ba. Ya daɗe yana kallon kwamfutar a hannunsa, sannan ya ce, “Mma, Baba ya rasu. Ni ina da rai.”

Ya maimaita shekara. Bai taɓa tayar da maganar ba, yana gaishe ni, yana aiko min da abin da ya samu, amma tun daga ranar bai ƙara barin wani abu nasa a ɗakina ba, ko cajar waya. Ke ba ki lura ba, ni na lura. Wannan abu yana ci min rai fiye da yadda zan iya rubutawa.

Bayan haka ne na tafi Kotobabi wurin Malam Bawa, wanda ya ja addu'ar arba'in ɗin. Tsohon nan bai san inda ake kunna kwamfuta ba. Na zayyana masa komai ina kuka. Ya bar ni na gama, sannan ya tambaye ni, in tabarmar da wani ya ba masallaci ta yage, jama'a za su ci gaba da sujada a kan tsumma ne don girmama mai bayarwa? Na ce a'a. Ya ce to me na ba Allah, ƙarfen ko amfaninsa? Ya bayyana min cewa malamai sun yi magana a kan wannan tun da daɗewa, abin waƙafi in ya daina amfani ana iya gyara shi ko a musanya shi da wanda zai yi aikin, nufin mai bayarwa ake kiyayewa. Har ya tsokane ni, wai shekara guda ina ciyar da injin da ke zaman kashe wando. Na yi dariya da hawaye a fuskata. Washegari na kira Kofi ya buɗe ta. Da ya ɗaga murfin muka ga rubutun babanku a jikin salatif, ya rubuta ranar da ya haɗa ta, a ƙasa kuma ya sa cewa a ƙara ma'adana in hali ya yi. Shi da kansa ya bar mata gurbi biyu. Na fita waje na bar Kofi da aikinsa.

Ta ƙara yin shekaru tana aiki, kin gani da idonki. Amma wannan karon ba maganar ƙari ba ce. Ƙwaƙwalwar injin kanta ce ba ta san irin lissafin da sabuwar manhajar ke nema ba, kuma allonta ba ya karɓar sabuwa. Na karanta, na sake karantawa, na sa Kofi ya karanta. Wannan karon kam ban yi gaggawa ba. Ta yi iyakarta.

Zan gaya miki wata gaskiya da ban gaya wa Malam Bawa ba. Ba lada kaɗai nake bi ba. Duk safiya in na buɗe shago na ga lambar da ke gaban sunansa ta ƙaru, sai in ji kamar ya fita aiki ya dawo. A duk garin nan wurin nan ne kaɗai sunansa ke motsi. Don kaina nake yi, na lulluɓe shi da sunan sadaka, kuma yayanki ne ya biya. Da na ga kwamfutarki a bayan kanta, hannuna har ya kai ga wayar caji. Na tsaya a nan na ɗan lokaci, Zuwaira. Ba zan yi miki ƙarya in ce ban yi sha'awa ba.

Ga abin da na yanke. Baƙar kwamfutar za ta koma islamiyyar bayan gidanmu, 'yan mata su koyi buga rubutu da ita, wannan kam za ta iya har ta gaji. Malam Bawa ya ce ya yi. Ita kuma ɗayar mai katin na bar wa Kofi ya ga abin da zai tsinta a ciki. Ban ce an bar aikin binciken har abada ba. In kin gama karatu, kin samu ɗakinki da mitarki, kin sayi inji na tebur mai iska, kin karanta abin da ake buƙata a wannan lokacin, to bismilla. Ko a nan ma ki ba shi rabin ƙarfinsa, ki bar rabi don aikinki. In kin tarar wannan binciken ya ƙare ko ya sauya, ki nemi wani mai amfani da injinki zai iya, kada ki ɗaure kanki da suna ɗaya. Kwamfutar cinya kuwa ba a yi ta don ta yi ta gudu ba tsayawa ba, ko ta wa ce.

Na san abin da kike saƙawa yanzu, don na san 'yata. Kina cewa ai ba komai, daga Tamale ma za ki iya sa manhajar ki shiga da sunan Baba, Mma ba za ta sani ba. Gwada ki gani. Jiya da hantsi na canza kalmar sirrin, na rubuta ta a takarda, na hau mota na kai wa yayanki har wurin aikinsa. Na ce ya riƙe, kada ya ba ki sai ranar da ya ga takardar kammala karatunki, ni ma ko na roƙe shi kada ya ba ni. Ya karɓa ya ninke ya sa a aljihun gaba. Ya rako ni har bakin titi, ya tsaya tare da ni sai da trotro ta zo, abin da ya daɗe bai yi ba.

Sunan babanku zai tsaya daga ƙarshen wata, mutane za su yi ta wuce shi har ya sauka inda sai an sha wahala kafin a gano shi. Zai yi min ciwo, ban ɓoye miki ba. Ki bar ni da ciwona, na iya ɗaukarsa. Ke buɗe kwamfutarki ki zana taswirarki, ki riƙa kwafe aikinki a wuri biyu, kuma kada ki ɗora ta a kan katifa.

Allah ya ba ki ilimi mai amfani, ya kare ki daga zazzaɓi da sharrin hanya da sharrin baki, ya sa ki kwana lafiya ki tashi lafiya a garin da ba ki da kowa sai shi. Ki sa gidan sauro. Ki yi wa babanku addu'a bayan kowace salla, ki haɗa da yayanki, in da saura ki sa ni. Allah ya dawo min da ke lafiya, amin.

Mmanki,
daga Maamobi